Wacce bindiga zan saya, kuma wane harsashi? Amsa ga 'yan uwanmu mazauna Amurka

Juma'ar da ta wuce bayan an idar da sallah wani ƙanina ya tare ni a wurin fakin, yaron kirki ne wallahi, aikin dare yake a wani gidan mai nan Houston, ya ce min yaya sau biyu ke nan ana shigo musu da bindiga cikin 'yan watanni, yana so ya sayi tasa ya riƙa ɗaurawa a jiki a ɓoye, amma ya shiga YouTube kansa ya ɗaure, wannan ya ce ta kamfanin Glock wancan ya ce ta SIG, wani kuma ya ce in dai ba mai harsashi .45 ka riƙe ba to wasa kake. Na ce masa wannan ba maganar tsaye ba ce, bari in zauna in rubuta, tunda na san ba shi kaɗai ne ke da tambayar ba, direbobinmu na tirela da masu aikin dare da yawa sun sha yi min ita.

Amma kafin mu taɓo ƙarfe sai mun taɓo takardu, don mu baƙi a nan gizo yake saƙar. Dokar tarayya ta yarda ɗan ƙasa da mai girin kad su mallaki bindiga. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara an hana shi, in ban da wasu 'yan ƙofofi ƙanana kamar mai lasisin farauta, ni kuma ba zan ba kowa shawarar ya bi ta nan ba sai ya zauna da lauyan imigireshon. Wanda takardunsa suka ƙare kuwa ko taɓawa kada ya yi. Kuma ko girin kad ɗin gare ka, laifin da ya shafi bindiga yana cikin laifukan da ake mayar da mutum gida a kansu, shekarun da ka yi kana wahala su tafi a banza. A shago sai ka kai shekara 21 za a sayar maka da bindigar hannu, za ka cike fom 4473 a tura sunanka FBI su duba, kuma ƙarya a wannan fom babban laifi ne. Akwai tambayar wiwi a ciki, ko da jihar da kake ta halasta shi tarayya ba ta halasta ba, akwai ta wanda aka taɓa yanke wa hukunci kan dukan iyali. Sai abin da mu Hausawa muke da rauni a kai, kunya: wani ya ce don Allah sayo min da sunanka ni takarduna ba su fito ba. Kada ka yi. Gidan yari ne ku biyun.

A nan Texas tun 1 ga Satumba 2021 wanda ya kai 21 kuma doka ba ta hana shi ba zai iya ɗauka ba lasisi, amma ni har gobe cewa nake ka yi lasisin. Dala 40 ne kuɗin jiha, aji na awa 4 zuwa 6, sai gwajin harbi na harsashi 50 a yadi 3 da 7 da 15. A ajin nan ne za a koya maka inda ba a shiga da ita da kuma lokacin da doka ta yarda ka fito da ita, sannan jihohi da yawa suna karɓar lasisin Texas, abin da direban tirela yake buƙata ke nan. Amma fa ba duka ba, New York da New Jersey da California ba sa karɓa, ka shiga da ita can ka jawo wa kanka. Su waɗannan jihohin ma magazin, wato gidan da ake jera harsashi a ciki, in ya wuce harsashi 10 haramun ne, New Jersey har irin harsashin da ake ɗauka don kare kai, mai rami a kai, ta ƙuntata. Masu Uber da Lyft ku sani dokar kamfanonin ta hana direba ɗaukar bindiga yana aiki, kai ma mai aikin gidan mai ka fara tambayar dokar wurin aikinka. Maganar tafiya da ita gida hutu kuwa a cire ta a rai, a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin makaman da aka haramta wa mutum haka kawai.

To yanzu harsashi, wanda shi ne aka fi ɓata yawu a kai. Guda biyar ne za ka riƙa ji: .380, 9mm, .40, .45, sai .38 Special na libarba. Ni amsata gajeriya ce, 9mm, amma bari in faɗa maka dalili don kada wani mai baki ya juya ka a shago.

Labarin ya samo asali ne daga Miami, 11 ga Afrilu 1986. Jami'an FBI suka yi musayar wuta da wasu 'yan fashin banki su biyu, aka kashe jami'ai biyu aka raunata biyar. Tun farkon faɗan harsashin 9mm ya sami ɗaya daga cikin 'yan fashin ta hannu ya shige ƙirji amma ya tsaya dab da zuciya, mutumin ya ci gaba da harbi har ya yi wannan ɓarnar. FBI suka ɗora laifi a kan harsashin, suka koma 10mm, shi kuma ya fi ƙarfin hannun jami'ai da yawa, aka rage masa ƙarfi, daga nan Smith & Wesson suka fito da .40 a 1990, 'yan sandan Amurka suka yi ta rububinsa shekara ashirin da wani abu. Daga wannan abin ne kuma aka samu ma'aunin da kowa ke bi yanzu, cewa harsashin kare kai ya kamata ya nutse inci 12 zuwa 18 a cikin wani irin daskararren jeli da ake gwaji da shi, in bai kai ba ƙila ba zai isa inda zai tsayar da mutum ba, in ya wuce kuma zai iya fita ya sami wanda bai ji ba bai gani ba. To abin da ya faru shi ne su FBI ɗin da kansu a 2014 suka dawo suka ce 9mm na zamani ya cika wannan ma'aunin, raunin da yake yi da na .40 da .45 ba wani bambancin a zo a gani, jami'ansu sun fi samun saiti da shi, ga bindiga ta fi ɗaukarsa da yawa. A 2016 suka ba Glock kwangilar bindigogin 9mm. Sojan Amurka ma tun 1985 suka ajiye .45 suka koma 9mm. Ka ga waɗanda suka fara gudunsa su ne suka dawo masa.

Ɗauki misali da bindigogi masu kusan girma ɗaya. Glock 19 tana cin 9mm guda 15, Glock 23 mai jiki iri ɗaya tana cin .40 guda 13, Glock 30 kuwa .45 guda 10 kuma ta fi su kauri. Shi .40 bugunsa a hannu mai zafi ne, fizga yake yi, a ƙaramar bindiga ba daɗin harbi ko kaɗan. Shi .45 tun zamanin John Browning, maƙerin bindigogin da ya ƙirƙiro shi, yake, harsashi ne mai nauyi, giren 230 a kan 115 ko 124 ko 147 na 9mm (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi), bugunsa turawa ne ba fizga ba, wasu ma sun fi son sa, ban ce ba ya aiki ba, yana yi sosai. Matsalarsa tsada da nauyi da kuma cewa in aka matse shi a bindigar da za ta ɓoyu sai ka koma harsashi 6 ko 7. Kuma abin da mutane ba sa lissafawa, kuɗin atisaye. A cikin dukkansu 9mm ne mafi araha, ko'ina ka shiga akwai shi, wanda kuwa akwatin harsashi ya yi wa tsada ba zai riƙa zuwa renj, wato filin atisayen harbi, ba, wanda ba ya zuwa renj kuma ko igwa ya ɗauko ba za ta amfane shi ba.

Sai .380, wanda nake da tarihi da shi. Faɗinsa ɗaya da 9mm, kwansonsa ne ya fi gajarta, milimita 17 a kan 19, don haka ƙarfinsa bai kai ba, harsashin ma giren 90 zuwa 95 ne. Yana aiki amma a bakin iyaka yake, wani in kansa ya buɗe da kyau bayan ya shiga jiki ba ya nutsewa inci 12 ɗin nan, wani in ya nutse ba ya buɗewa. Bindigata ta farko 'yar ƙaramar .380 ce ta aljihu, ba sai na faɗi kamfanin ba, na saye ta ne don na ga ba nauyi kuma a raina na ce ƙaramin harsashi ai ba zai yi bugu ba. Ashe ba haka abin yake ba. Bindiga in ta yi sakayau babu nauyin da zai shanye bugun, duk a hannunka yake sauka, ga mariƙin yatsu biyu kawai yake ɗauka, ranar farko ban gama akwati ɗaya ba tafin hannuna ya yi ja, a yadi 7 harbina ya watse ko'ina a takardar. Na yi wata takwas ina ɗaukarta ban koma renj ba don ba na marmari, ranar da na zauna na yi tunani tsoro ya kama ni, ina yawo cikin mutane da abin da ban iya sarrafawa ba. Wannan shi ne kuskuren da na fi so ka guje wa, ƙaramar bindiga ta ƙwararru ce ba ta ɗan koyo ba.

.22 kuwa in wuce ta da sauri, ba bugu, araha ce, tana da kyau wurin koyo, amma irin kwansonta ya fi saurin ƙin tashi kuma ƙarfinta kaɗan ne, sai dai ga wanda ciwon hannu ya hana shi komai.

Duk wanda ka zaɓa dai harsashi iri biyu za ka saya. Mai dunƙulallen kai na atisaye ne, mai rami a kai wanda ake kira holo-poyin shi ne na ɗauka, don shi yana buɗewa ya tsaya, bai cika ratsa mutum ya wuce ya sami na baya kamar yadda wancan kan yi ba. Federal HST da Speer Gold Dot su ne 'yan sanda da yawa ke amfani da su, Hornady Critical Defense ma an san shi. Giren 124 ko 147, duk wanda bindigarka ta karɓa ba ta cije ba.

Yanzu ita bindigar. Ni na kasa su ne gwargwadon yadda za su zauna a jiki, don Houston zafi ne kamar Sakkwato a watan Afrilu ga gumi, rabin shekara tishat ɗaya ce a jikinka.

Glock 19 ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da ita, tun 1988 take kasuwa. Bututu inci 4, harsashi 15, nauyi wajen giram 670 ba harsashi, in an cika ta haura 850. Hannu yana cika da ita, bugunta mai sauƙi, ɗan koyo yana saurin samun saiti, ga holsta, wato kuben da ake sa ta, da magazin da kayan gyaranta kamar ƙasa. In bindiga ɗaya za ka saya ta gida da ta fita, kuma kai mai jiki ne kana sa riga mai ɗan faɗi, da wuya ka yi nadama. Aibinta kauri da tsawon mariƙi, kuma ka sani ba bututu ne ke tona asirin mai bindiga ba, gindin mariƙi ne yake turo riga. Siririn mutum irin ƙanin nan nawa da rigar aiki a cikin wando, awa goma a tsaye bayan kantar shago, sati biyu zai yi ya fara barin ta a mota, mota kuwa nan ne ɓarayi suka fi samun bindigogi a garin nan.

Shi ya sa na fi karkata ga 'yan tsakiyar nan sirara. SIG ce ta canza kasuwar a 2018 da P365, bindiga mai kaurin inci 1, giram 500 da 'yan kai, bututu inci 3.1, amma tana cin 9mm guda 10 da ɗaya a ɗaki, wato a gindin bututu, alhali kafin nan masu wannan girman 6 ko 7 suke ci, Glock 43 ta 2015 ma 6 ce. Sauran kamfanoni suka biyo baya. Springfield Hellcat a 2019, a Kuroshiya ake ƙera ta, tana cin 11 ko 13 da dogon magazin. Smith & Wesson Shield Plus a 2021, 10 ko 13. Glock 43X a 2019, 10. Duk huɗun nan bindigogi ne na ƙwarai, bambancinsu a hannunka yake. P365 ta asali ta fi ɓoyuwa amma mai babban hannu ƙaramin yatsansa a iska zai tsaya, shi gara ya duba P365XL mai harsashi 12 da bututu inci 3.7. Hellcat mutane da yawa suna jin ta fi zabura a hannu, sai dai saitinta na gaba yana da saurin gani. Shield Plus ana yabon kunamarta, kuma sau da yawa ta ɗan fi araha. 43X ita ce mariƙinta yake ɗaukar yatsu duka, siririya ce amma doguwa, shi ya sa ta fi daɗin harbi kuma ta ɗan fi turo riga, ita nake ɗauka shekara huɗu ke nan kuma dalilina ɗaya, da ita nake samun abin da na saita. Wani abokina kuma ya riƙe ta ya ce sam ba ta zauna masa ba ya ɗauki Shield Plus, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Maganar sefti, Glock ba ta da makunnin da ake turawa da babban yatsa, kariyarta a ciki take da kuma jikin kunama, P365 da Hellcat da Shield Plus kuwa ana samun mai shi da marar shi. In hankalinka ya fi kwanciya da mai shi ba laifi, sharaɗin dai ka saba cire shi har ya zama ba sai ka yi tunani ba. Sefti na gaskiya holsta ce mai tauri wadda ta rufe kunama ruf, da yatsanka da ba ya shiga wurin sai ka yi niyyar harbi.

Libarba fa? Dattawanmu suna son ta kuma suna da hujja. Smith & Wesson 642 ko Ruger LCR, harsashi 5 na .38 Special, nauyi wajen giram 400, ba magazin, ba jan sulaid, wato saman fistol da ake ja baya a loda ta, in ɗaya ya ƙi tashi ka sake jan kunama ta juya zuwa na gaba, kuma ko riƙon da ka yi mata bai yi ƙarfi ba ba za ta cije ba, abin da ƙananan fistol kan yi. Siffarta mai lanƙwasa ce, a aljihu ba ta nuna kamar bindiga. Amma kada a ruɗe ka da cewa ita ce ta ɗan koyo. Kunamarta tana da nauyi wajen laba 12 a kan 5 da rabi na Glock, saitinta ɗan tsagi ne kawai, bututu bai kai inci 2 ba, bugunta akwai zafi, sake loda ta kuma aiki ne. Samun saiti da ita sai wanda ya ba ta lokaci. Mai .357 Magnum a wannan ƙaramin jiki kuwa ban ba ka shawara ba, ƙara da walƙiya da zafin hannu, yawancin masu ita .38 suke zuba mata tunda tana ci.

'Yan aljihu irin Ruger LCP Max, .380 guda 10, giram 300 kacal, suna da ranarsu, kuma ranar a wurinmu ita ce ranar kaftani. Wannan babu Ba'amurken da zai faɗa maka a bidiyo. Wandon kaftani zariya gare shi ba bel ba, ka rataya masa bindiga mai giram 800 sai ya zame, ga rigar ta sauko har gwiwa, kafin ka tattare ta ka kai hannu ƙugu an gama abin da za a yi. Da babbar riga ɓoyewa ba matsala ko kaɗan, fitarwa ce matsala. Mafita biyu na gani, ko ɗamarar roba ta ciki mai holsta mai tauri a jikinta in jallabiyarka mai tsagar gefe ce, ko 'yar ƙarama a aljihun gefe cikin holstar aljihu, kuma aljihun nan kada makulli ko carbi ko waya su shiga. Sai dai wannan bindiga ta biyu ce, bayan ka ƙware da ta farko.

Ga kuma sallah. Mu sau biyar a rana muke ruku'u da sujada da zaman tahiya, wanda ya ɗaura a gaba ta wajen cibiya zai ji bututu yana tokare shi a ruku'u da zama, musamman in da ɗan tumbi, a nan gajeren bututun P365 ya fi na Glock 19 sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda ya ɗaura ta gefe zuwa baya kuma in ya yi sujada riga takan ɗage, sahun baya su ga komai, hankalin mutane ya tashi a banza. Ka gwada raka'a biyu a gida da bindiga ba harsashi kafin ka fita da ita. Wurin kama ruwa kada ka taɓa cire ta daga holsta ka ajiye a gefe, haka ake mantawa da ita yaro ya shigo ya tarar. Shiga masallaci da ita kuwa, a Texas tun 2019 doka ta bar wa wuraren ibada zaɓi, in sun kafa sanarwar hani to an hana, don haka ka karanta allon ƙofa kuma ka tambayi kwamiti, maganarsu ita ce magana.

'Yan uwa mata ma suna tambaya, musamman masu aikin jinya da ke tashi tsakar dare. Abin da ke ba ni haushi shi ne miji ya je shago shi kaɗai ya sayo mata 'yar ƙaramar libarba wai ita ce ta mata, wadda shi kansa ba zai iya harba akwati ɗaya da ita ba. Hajiya ki je da kanki ki gwada. In jan sulaid ne ke ba ki wahala akwai Shield EZ da Smith & Wesson suka fitar a 2018 don haka, sulaid mai laushi, magazin mai sauƙin lodi, harsashi 8, akwai ta .380 akwai ta 9mm, kuma da yake tana da ɗan jiki .380 ɗin nata ba ya bugu, a nan kam na yarda da .380. Sa ta a jaka shi ne na fi tsoro, jaka ake fara fizgewa kuma jaka yara ke buɗewa neman alawa.

Kuɗi. Manyan sunayen nan yawanci tsakanin dala 450 ne zuwa 600. Taurus ta Brazil da Canik ta Turkiyya suna da masu araha, Canik ma ana yabonta, in aljihu ya matse ba laifi amma ka gwada ta sosai kafin ka amince. Kuskuren shi ne ka ƙarar da kuɗinka kan bindiga. Sai ka ware na holstar Kydex, wata irin roba mai tauri, da aka yi don ainihin wannan bindigar, da bel mai tauri, da harsashin atisaye aƙalla 300 da za ka harba ka tabbatar ba ta cijewa, da akwati ɗaya ko biyu na holo-poyin da za ka gwada su ma, da malami, da akwatin kullewa. Jan ɗigon saitin nan da ake ɗorawa a sama bar shi sai gaba.

Akwatin kullewa ba na sasantawa a kansa. Gidajenmu gidajen yara ne, naka da na baƙi, ranar suna ko sallah ɗaki ba ya da shamaki. Tun 2020 bindiga ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa a ƙasar nan, ta wuce haɗarin mota, kuma a cikin mutum 48,830 da bindiga ta kashe a 2021 fiye da rabi kansu suka kashe. Don haka in akwai mai fama da damuwa a gidanka, ko kai kanka kana cikin wani hali, ko ku da iyali rigima ba ta ƙarewa, ko ka san kai mai saurin hannu ne a kan titi, to mafi alheri kada ta shigo gidan tukuna. A Texas barin bindiga mai lodi inda yaro ɗan ƙasa da 17 zai kai hannu laifi ne. Tana jikinka ko tana kulle, babu na uku, ƙarƙashin filo da saman wadirob duk yara sun san su.

Na kuma faɗa wa ƙanin nawa a gaban motarsa, kuɗin da ke cikin kanta ba naka ba ne, an shigo an nemi kuɗi ka miƙa, rai ake karewa da wannan abin, kuma rai ɗin da za ka ɗauka ma sai ka amsa tambaya a kansa a gaban alƙali da gaban Allah. Nuna ta don tsoratarwa a rigimar fakin laifi ne da zai kai ka kotu. In ɗan sanda ya tsayar da kai hannu biyu a kan sitiyari, ka faɗa masa kana ɗauke da ita da inda take, kada ka motsa sai ya ce, mu baƙaƙen fata ba mu manta Philando Castile ba, yana da lasisi aka harbe shi a motarsa a Minnesota a 2016.

Shi dai ga abin da muka tsayar. Girin kad gare shi, shekararsa 26, siriri ne, ba ya shaye-shaye, zai fara tambayar manajansa dokar wurin aiki, ya yi rajistar ajin lasisi. Ranar Asabar za mu je renj mai ba da haya, zai harba akwati ɗaya da Glock 19, ɗaya da 43X, ɗaya da P365XL, in lokaci ya bari mu ƙara Shield Plus, duk 9mm, duk a yadi 7. Wadda harbinsa ya fi taruwa wuri ɗaya da ita, in dai tana ɓoyuwa a rigar aikinsa, ita zai saya, holsta da akwatin kullewa kuma rana ɗaya za su shigo gidan da ita in sha Allah.